Merric Boyd, Maginin da Ya Ɗora Dajin Ostireliya a Jikin Tukunya

A farkon ƙarni na 20, kayan tangaran na ado da ke gidajen masu hali a Melbourne yawanci daga Ingila ake kawo su, da furannin Ingila a jikinsu. Masu ginin yumɓu na ƙasar kuwa bulo da bututun magudanar ruwa da tulunan ajiya suka fi yi. A wannan yanayi Merric Boyd ya taso.

An haife shi a unguwar St Kilda a 1888, iyayensa duka masu zane ne. Ya taɓa karatun noma, abin bai karɓe shi ba, sai ya koma ga yumɓu. A 1912 ya baje kolin tukwanensa karo na farko, sannan ya zauna a Murrumbeena, bayan gari, a gidan da ya sa wa suna Open Country. Shi ke kwaɓa yumɓunsa, shi ke haɗa ruwan sheƙin da ake shafa wa tukunya, shi ke gashi.

A mariƙin butocinsa ake gane hannunsa. Maimakon ya liƙa lanƙwasasshen hannu kamar kowa, sai ya tayar da kututturen bishiyar turare daga gindin butar, ya murɗe shi kamar iska ta kaɗa shi, rassan su kanannaɗe bakin butar. Wani lokaci ga dabbar kowala maƙale a reshe. Bai damu da goge sawun yatsunsa ba, kuma a ganina wannan kaushin ne ya fifita aikinsa a kan santsin kayan masana'anta. Matarsa Doris Gough, wadda ya aura a 1915, ita ta zana da yawa daga cikin tukwanen, ko da yake sunan mijin aka fi ji.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi Ingila, inda ya ƙaro sani a masana'antar Wedgwood. Gobara ta cinye ɗakin aikinsa a 1926, ga kuma farfaɗiya da ta daɗe tana damunsa. Ya ci gaba da gini duk da haka, sai da ƙarfi ya ƙare ya koma zane da fensir. Ya rasu a 1959, lokacin da ɗansa Arthur ya riga ya yi suna cikin manyan masu zanen ƙasar.