Daga Sarkin Magina zuwa mai gyaran iyakwandishan: tarihin amana a kan zafi da sanyi a birnin Kano

A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A Disamba da Janairu kuwa, dare yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga ƙurar hunturu tana shiga kowane lungu. Mutanen cikin ganuwa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaune tsakanin waɗannan yanayi biyu tun ba a san lantarki ba, kuma suna da wanda suke danƙa wa wannan damuwa, wato magini. A yau damuwar ta koma hannun mai haɗa iyakwandishan da gyaransa. Buƙatar maigida ba ta sauya ba: ɗaki mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu. Abin da ya sauya shi ne hanyar sanin wanda za a ba aiki. A da, gari ne ke tantance ma'aikaci kafin ya iso ƙofar gida. Yanzu nauyin tantancewar ya faɗo a kan maigida shi kaɗai.

Sanyin da ake ginawa da ƙasa

Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu (1095–1134), jikan Bagauda. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. Duk waɗannan ayyuka da ƙasa aka yi su, kuma kududdufan da suka cika birnin, ramukan da aka haƙi ƙasar ginin ne.

Magini yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, ya shanya a rana, sannan ya jera shi ya tayar da bango mai kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Kaurin gindin yakan kai rabin mita ko fiye. A nan hikimar take: zafin rana yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa irin wannan bango, don haka soro yakan kasance da sanyi a tsakiyar rana, sai dare ya yi bangon ya saki ɗumin da ya tara. Da hunturu wannan ɗumi alheri ne. Da bazara kuwa yakan kori mutane zuwa tsakar gida ko saman soro su kwana. Tagogi ƙanana ne kuma a sama, don rage hasken rana da ƙura. Lunguna matsattsu ne, gida yana yi wa gida inuwa. Idan sanyi ya tsananta, a kawo kaskon garwashi, ko a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa saboda mai jego.

Rufi shi ne wurin gwada gwani. Ana yin sa da azara, wato tsagaggen itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Tun da azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a faɗin da ya wuce mita biyu, sai magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗora azara a kan azara har su rufe ɗaki mai faɗi da tsayi, inda iska mai zafi ke hayewa sama ta bar mazauna. Don kare gini daga ruwan sama akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki daga majema da dafara. Ke nan rufin gida guda yakan haɗa marini da majemi da magini.

Wa ke tsaya wa magini?

Mai gida ba ya iya ganin abin da ke cikin rufinsa. Idan an sa masa ruɓaɓɓiyar azara, ba zai sani ba sai ruwan Agusta ya jiƙa soron, lokacin da kuskure kan iya cin rai. Saboda haka gari ya tanadi abubuwa huɗu da suke tsaya wa mai ba da aiki.

Na farko, gado. Gini sana'a ce da ɗa ke koya a wurin uba ko ɗan'uwan uba, daga ɗaukar ƙasa da miƙa tubali har zuwa ɗaurin rufi, kuma koyon yakan ɗauki shekaru. Wanda ya yi ha'inci sunan gidansu ya ɓata. Na biyu, sarauta. Kamar yadda maƙera ke da Sarkin Maƙera, mahauta ke da Sarkin Pawa, magina suna da Sarkin Magina, wanda ke tara su idan aikin fada ya taso, yake kuma sasanta rigingimun sana'a. Ƙwarewa tana da martaba: Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834–1846), da laƙabin Babban Gwani aka san shi, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin Zazzau.

Na uku, shari'a. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Kano ke hukunci da shi, ya ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya tafi da su wurin aikinsa. Idan suka salwanta ko suka lalace a hannunsa, shi zai biya, sai in ya kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Wannan hukunci yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan birni. Na huɗu, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne dawowa. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, don haka maginin da ya yi aiki bana shi za a kira baɗi. Wanda zai dawo ya tsaya a ƙarƙashin rufin da ya ɗaura ba ya wasa da azara.

Kwano, siminti da lantarki

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, layin dogo ya iso a 1911. Jirgin da ke fita da gyaɗa shi ke dawowa da kwanon rufi da siminti. Da farko Turawan ma da maginan gari suka yi aiki, kamar yadda Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, yake shaidawa. Sannu a hankali siminti ya zama alamar ci gaba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) Hukumar En'e ta buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki a 1931, aka kuma sake gina babban masallacin birni da kayan zamani, aka buɗe shi a 1951.

Masu sauya gini suna da hujja. Kwano ba ya buƙatar yaɓe duk shekara, bulo ba ya zaizayewa da ruwa. Sai dai bangon bulo siriri ne, kwano kuwa yana ɗaukar zafi nan take ya sauke shi a kan mazauna. Sanyin da a da yake cikin bango, yanzu sai an saye shi daga waje: fanka tukuna, sannan iyakwandishan. Ita wannan na'ura asalinta Amurka ne, inda Willis Carrier ya ƙera ta a 1902 don rage laimar iska a wata maɗaba'a da ke Brooklyn. Ba a ƙera ta da ƙurar hunturu a zuciya ba, balle wutar da ke zuwa tana ɗaukewa.

Hukumar lantarki ta yi ta sauya suna: ECN a farkon shekarun 1950, NEPA a 1972, PHCN a 2005, sannan KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a Nuwamban 2013. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowace sa'a da iyakwandishan ya yi yana aiki ta zama abin lissafi, ko da wutar gwamnati ko da janareta. Na'urar da aka haɗa ba daidai ba tana cin wuta fiye da ƙima, kuma maigida ne ke biya duk wata.

Sana'ar da ta zo ba ta tarar da sarki ba

Gyaran firji da iyakwandishan sana'a ce da ta shigo birni daga waje, ta hanyar kantuna da shagunan Sabon Gari da makarantun koyon sana'a. Ba ta da gidan gado a cikin ganuwa, ba ta da sarauta a fada. Akwai ƙwararru masu amana a cikinta da yawa, amma babu abin da zai hana yaron da ya yi wata shida a shago ya sayi jakar kayan aiki ya ce shi ma injiniya ne. Takardun shaida suna nan: jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai matakai uku, da takardar NABTEB, da rajistar ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NARAP. Matsalar ita ce mai ba da aiki ba ya tambaya.

Ga shi kuma sana'ar ta ƙara haɗari. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta wajabta daina amfani da iskar gas ɗin da ke lalata sararin samaniya, kuma ƙasashe masu tasowa irin Najeriya suna kan hanyar barin R-22 nan da 2030. Gyaran Kigali na 2016 ya ƙara matsa wa waɗanda suka gaje shi, irin R-410A. Waɗanda ke shigowa yanzu, R-32 da R-290 da R-600a na firji, suna kama wuta, biyun ƙarshe sosai. Wanda ya koyi aiki a kan tsohon gas bai sabunta iliminsa ba, ya kunna wutar walda kusa da bututun da ke da ragowar sabon, gobara yake gayyata cikin unguwar da motar kashe wuta ba ta iya shiga lungunanta.

Tsohon ma'auni a kan sabon aiki

Abubuwa huɗun da suka tsaya wa kakanni ba su tsufa ba, sai dai yanzu maigida ne zai nemo su da kansa.

A madadin gado, a tambayi ma'aikaci wa ya koya masa, shekara nawa ya yi a hannunsa, ina shagonsa yake. Mai shago tsayayye ya fi mai lambar waya kaɗai. A nemi gida biyu ko uku da ya yi wa aiki tun bara, a je a gani, domin gani ya kori ji. A madadin sarauta, a nemi takardar shaidarsa da ƙungiyar da za a kai ƙara idan an saɓa.

A madadin alƙali, a rubuta. Kafin a ba da kafin alƙalami, takarda ta nuna kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, irin bututun da za a sa da tsawonsa, kaurin waya, da tsawon garanti. Bututun jan ƙarfe ya fi na alminiyam ƙarko, kuma nan ne aka fi yin algus, tun da ana naɗe shi ba a gani, kamar azara a cikin rufi. Idan za a ɗauki na'ura zuwa shago, a rubuta lambar jikinta da ta kwamfuresa a rasit. Lamunin da Risala ta yi magana a kansa bai da amfani idan babu shaidar abin da aka karɓa. Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano da ta tarayya, FCCPC.

Shi kansa aikin yana fallasa mai shi. Gwani yakan auna ɗaki, ya dubi rufi da inda rana ke bugawa kafin ya faɗi girman na'ura, domin ɗakin kwano marar silin da soron ƙasa ba buƙatarsu ɗaya ba. Yakan auna ƙarfin wutar gidan, tun da raunanniyar wuta ita ke ƙona kwamfuresa, ya ba da shawarar sitabilaiza idan da buƙata. Yakan zo da famfon zuƙe iska daga bututu kafin ya saki gas. Idan na'ura ta daina sanyi, yakan nemi inda take yoyo, domin gas a rufe yake zagayawa, ba ya ƙarewa kamar fetur. Wanda ke zuwa duk bayan wata uku yana ƙara gas bai toshe komai ba, kasuwa ya buɗe wa kansa. A cikin birni akwai ƙarin abu guda: ruwan da na'ura ke ɗigarwa. Idan aka bar shi yana sauka a kan bangon ƙasa, ko na maƙwabci, zai ci gindin ginin a hankali. Wanda bai tambayi inda ruwan zai bi ba, bai san inda yake aiki ba. Haka nan duk wanda ya yarda a ajiye janareta a cikin gida, ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, bai cancanci a saurare shi ba, domin hayaƙinsu yana kisa ba tare da wari ba.

Saura dawowa, wadda ita ce ginshiƙin tsohon tsari. Ƙurar hunturu tana toshe ragar na'ura ciki da waje, don haka watan Fabrairu, bayan ƙura ta lafa kafin bazara ta kankama, shi ne lokacin wanki da dubawa, kamar yadda ƙarshen rani yake lokacin yaɓe. A sa wannan ziyara cikin yarjejeniya tun ranar farko, da kuɗinta. Wanda ya amince zai dawo baɗi ya dubi aikinsa na bana ya riga ya ba da rabin shaidar da ake nema. Wanda ya fi kowa araha amma ya ƙi ɗaure kansa da wannan sharaɗi, shi ma ya faɗi nasa matsayin, kuma Bahaushe ya daɗe da cewa araha ba ta ado.