Yadda Sadaukan Zane Suka Shiga Littattafan Koyon Karatu a Amurka

Duk wanda ya taɓa koya wa ƙanensa karatu ya san akwai wani rami tsakanin ranar da yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, da ranar da zai ɗauki littafi ya sami inuwa ya karance shi don kansa. A cikin ramin nan yara da yawa suke faɗawa, watau sun iya karatu amma ba su karantawa. Masu ɗab'i a Amurka sun yi wa ramin gada da waɗansu ƙananan littattafai masu babi-babi, don 'yan shekara 6 zuwa 9: rubutu manya-manya, jimloli gajeru, ga hoto kusan a kowane shafi. Abin da ya ja hankalina shi ne, da yawa daga cikinsu labarin sadaukan nan ne masu tashi sama da ɗaga mota, alhali kuwa a da su aka ɗora wa laifin kashe karatu. To, yaya aka yi ɓarawo ya zama mai gadi?

Mafarin abin dai shekarar 1938 ce, sa'ad da mujallar Action Comics ta fito da Superman. Waɗansu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙago shi, suka kuma sayar da haƙƙinsa a kan dala 130 kacal. Batman ya biyo baya cikin 1939, Wonder Woman cikin 1941. Mujallar kuwa kwabo goma ce ta kuɗin Amurka, saboda haka yaro ba ya bukatar izinin kowa kafin ya saya. Nan take manya suka tsargu. Tun cikin 1940 wani marubuci, Sterling North, ya rubuta a jaridar Chicago Daily News cewa mujallun nan abin kunya ne ga ƙasa.

Duk da haka, cikin 1942 kamfanin Random House ya buga labarin Superman a zube, babi-babi, na George Lowther, wanda yake aiki a shirin Superman na rediyo. A ganina wannan ne kakan littattafan da muke magana a kai, ko da yake ya yi wa ɗan koyo nauyi. Amma hanyar ba ta ɗore ba, don guguwa ta taso. Cikin 1948 ɗaliban wata makaranta a garin Binghamton suka tara mujallun zane suka cinna musu wuta. Cikin 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya ce mujallun suna koya wa yara ta'asa, suna kuma lalata musu karatu, don ido ya saba da kallon hoto ya ƙi bin layi. Har gaban wani kwamitin majalisar dattawa ya je ya ba da shaida. Masu mujallun suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa a shekarar.

Sai dai fa korar sadauki ba ta sa yara sun rungumi littafin makaranta ba. Littattafan firamare na lokacin, na Dick da Jane, lami ne: yara biyu masu ladabi, ba abin da yake faruwa da su. Cikin 1955 Rudolf Flesch ya rubuta littafi sukutum a kan dalilin da ya sa yaran Amurka ba su iya karatu ba. Cikin 1957 Dr. Seuss ya fito da The Cat in the Hat, da kalmomi 236 kawai, ya nuna ana iya ƙayyade kalmomi ba tare da an kashe daɗin labari ba. Da aka gane haka, saura a sami jarumin da yaro yake so.

Sulhun ya zo cikin 1974. Masu shirin talabijin na koyar da karatu mai suna The Electric Company suka haɗa kai da kamfanin Marvel, suka sa Spider-Man a shirin. Dabarar da ta fi burge ni ita ce, ba ya magana da baki. Maganarsa a rubuce take fitowa bisa kansa, in kana son ka san abin da ya ce, tilas ka karanta. Suka kuma fitar da mujalla mai sauƙin kalmomi, Spidey Super Stories, wadda ta yi fitowa 57 kafin ta tsaya cikin 1982.

Wanda ya kai abin cikin littafi mai babi sosai shi ne Dav Pilkey, shi ma haifaffen Cleveland. Yana yaro karatu yana ba shi wuya, ga rashin zama wuri ɗaya, har aka riƙa fitar da shi daga aji ana zaunar da shi a baranda. A can ya ƙago Captain Underpants, wanda aka buga cikin 1997: yara biyu 'yan aji huɗu sun juya hankalin hedimastansu, ya koma sadauki mai yawo da ɗan kamfai da mayafi. Daga baya kamfanin Stone Arch ya fara fitar da Superman da Batman a littattafai masu babi cikin 2009, sa'an nan cikin 2014 Shannon da Dean Hale suka kawo The Princess in Black, gimbiyar da take sulalewa daga fada ta sa baƙaƙen kaya ta hana dodanni cin awaki.

Me ya sa dabarar take ci? Yaro ya riga ya san jarumin, don haka ba ya fama da baƙuwar kalma da baƙon mutum a lokaci ɗaya. Kowane babi kuma yana ƙarewa ne jarumi na cikin haɗari, sai ka ga wanda ya yi niyyar shafi biyar ya yi ashirin. Mu da muka karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma ban ce duka alheri ne ba, don waɗansu littattafan tallar fim ce kawai aka yi wa bango.

Kada kuma mai karatu ya zaci gardama ta mutu. Cikin 2012 da 2013 Captain Underpants ne ya zo na ɗaya a jerin da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka take fitarwa na littattafan da aka fi neman a janye. A shekarar 2012 ɗin ne kuma wata malamar jami'a, Carol Tilley, bayan ta binciki takardun Wertham da aka buɗe wa jama'a cikin 2010, ta nuna cewa ya sauya shekarun waɗansu yaran da ya kafa hujja da su, ya kuma gauraya maganganunsu. Shi kuwa ya rasu tun 1981.