Kumbo, Majigi da Wata: Yadda Hausawa Suka Karɓi Labarin Tafiya Sama

A ƙasashen Turai da Amurka labarin tafiya sama ya soma ne da ƙage, sa'an nan gaskiya ta biyo baya. Tun cikin 1902 wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès ya yi fim na mutanen da aka ɗura cikin wani katon harsashi, aka harba su zuwa wata. Sai da aka shekara sittin da bakwai mutanen can suna kallon irin waɗannan hotuna don nishaɗi kafin ɗan'adam ya taka wata da ƙafarsa. A ƙasar Hausa kuwa abin juye ya zo. Yawancin mutane sun fara jin batun ne a matsayin labarin duniya, daga bakin rediyo da jarida, tun ba su ga fim ɗin ƙage ko ɗaya a kansa ba. Saboda haka tambayarsu ta farko ba ta daɗin kallo ba ce. Abin da suka fara tambaya shi ne, wannan magana gaskiya ce ko kuwa ƙaryar Turawa?

Ba za a gane dalilin wannan tambaya ba sai an san irin kallon da mutanen Arewa suka saba da shi a lokacin. Kallo iri biyu ne. Na fari shi ne majigi, watau hoton da gwamnati ke yawo da shi cikin mota. Wani Baturen kiwon lafiya a Ikko, William Sellers, shi ya soma amfani da hoto mai motsi don koya wa jama'a tsabta, kuma cikin 1939 aka ɗora shi bisa ma'aikatar da Ingila ta kafa don yi wa ƙasashen da ta ke mulka irin waɗannan finafinai. Motar majigi takan sauka a garin hakimi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, in dare ya yi maza da mata da yara su taru, ba a biyan ko anini. Mai fassara yana tsaye yana bayani da Hausa. Abin da a ke nunawa bai wuce tsabta, da sababbin dabarun noma, da tafiye-tafiyen shugabanni ba, kamar fim ɗin Baban Larai wanda manoman Arewa suka daɗe suna tunawa. Majigi dai bakin hukuma ne.

Na biyu shi ne sinima, wadda a ke shiga da kuɗi. Gidan Rex na Kano an buɗe shi cikin 1937, a wajen birni, mai shi kuwa Kwara ne. Tun daga farko malamai da dattawa ba su yi na'am da ita ba, har waɗansu suka laƙaba mata suna dodon bango. Ran 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a gidan sinima na El Duniya a Kano, mutum 331 suka hallaka, mutane da yawa kuwa suka ɗauki abin a kan azaba ce ta sauka. Sinima ta zauna a zukatan jama'a a matsayin wurin shashanci, inda a ke nuna abin da ba a yi ba kamar an yi. Ita kuma ta manyan garuruwa ce, irin su Kano da Kaduna da Sakkwato da Gusau. Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum, waɗanda a wancan zamani ke cikin Lardin Sakkwato, majigi ya sani, sai kuwa labarin da fatake da 'yan cin rani ke kawowa daga birni.

Har wa yau, sama ba fili ba ce da Bahaushe ya bari babu kowa. Ya san Zara matar wata, ya san Kaza da 'ya'yanta, malamai kuma suna da lissafin taurari wanda manomi ke dogara da shi wajen sanin shigar damina da fitarta. In wata ya yi zazzaɓi yara sukan fita suna kaɗa gwangwanaye, manya su tsai da salla. Mafi girma duka, da ganin jinjirin wata a ke ɗaukar azumi, da shi a ke ajiyewa, kuma daga Sakkwato a ke jiran sanarwa. Ga shi kowane almajiri ya karanta cewa sammai bakwai ne, kuma ya san labarin Mi'iraji. Wanda ya ce wa mutumin da ya tashi cikin wannan sani wai wani Ba'amurke ya sauka a kan wata, ya taɓa masa abin da ya fi nishaɗi nauyi. A gefe guda kuma, tafiya cikin iska ba baƙuwa ba ce a hira. Tatsuniyoyi cike su ke da aljannun da ke ɗaukar mutum su kai shi bangon duniya, an juya Dare Dubu da Ɗaya zuwa Hausa tun cikin 1924, a Ganɗoki na Malam Bello Kagara ma, wanda ya fito cikin 1934, jarumin ya yi zama cikin aljannu. Watau akwai wurin ajiye irin wannan labari in ƙage ne. Abin da babu shi ne wurin ajiye shi in an ce gaskiya ne.

Ran 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba Sputnik, watanni bakwai bayan BBC ta buɗe sashenta na Hausa. Ran 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya ya sauko. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, Kano tana da hannu cikin wannan tsere. Sa'ad da Amurka ta shirya aika mutum sama, sai ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbonta da yin magana da wanda ke ciki. Biyu daga cikinsu, ta Kano da ta Zanzibar, suna ɓangaren Afirka. Ran 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin masu sauraronsa. Ta Zanzibar an rufe ta bayan juyin mulkin 1964, gama mutanen can sun daɗe suna zargin ta soja ce. Ta Kano kuwa ta ci gaba da aiki, har cikin Maris 1966, sa'ad da kumbon Gemini 8 ya sami matsala aka umarce shi ya sauko da gaggawa, Kano na cikin tashoshin ƙarshe da suka ji muryar matuƙinsa. Sunan matuƙin nan Neil Armstrong.

Shi ne kuwa ya fara taka wata. Kumbon Apollo 11 ya tashi ran 16 ga Yuli 1969, ya sauka ran 20, Armstrong ya fito wajen ƙarfe huɗu na dare agogon Nijeriya, gab da asubahin 21 ga wata. A lissafin Musulunci a farkon Jimada Lawwal na 1389 a ke, jinjirin watan bai wuce kwana shida ba, kuma ya riga ya faɗi a ƙasar Hausa tun kafin tsakar dare. Nijeriya tana cikin yaƙin basasa. Talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe cikin 1962, gidaje kaɗan ke da akwatinsa. Saboda haka abin da ɗaruruwan miliyoyin mutane suka gani da ido a waɗansu ƙasashe, yawancin Hausawa da kunne suka same shi, hoto kuwa sai daga baya.

Nan aka rabu. Waɗansu suka ce wata yana cikin sama, sama kuwa tana da ƙofofi da masu tsaro, babu mai keta ta da ƙarfe; in ma Turawa sun je wani wuri, to, wani dutse suka hau. Waɗansu, musamman waɗanda suka yi makarantar boko, suka gaskata, suka ce ilmi ne, kuma ba ya fita daga ikon Allah. Wannan gardama ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi ta ba. A Saudiyya, Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya rubuta cewa babu nassin da ya hana yiwuwar isa wata, amma bai kamata Musulmi ya gaskata ko ya ƙaryata ba sai da hujja. Daga baya wata hanya ta uku ta ɓullo, wadda ta sasanta zukata da yawa. Aka baza labari cikin ƙasashen Musulmi, har da Nijeriya, wai Armstrong ya ji kiran salla a kan wata, kuma ya musulunta. Labarin ba shi da tushe, cikin 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta takarda tana musanta shi da yawunsa, duk da haka bai mutu ba. Amfaninsa ga masu faɗinsa a fili ya ke: ya ba su damar yarda an je, ba tare da sun ji an ƙwace musu watan ba. Cikin Yuni 1985 kuma Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau kumbon Discovery, ya zama Musulmi na farko da ya je sama, gardamar ta ƙara yin sanyi.

Shaidar yadda jama'a suka karɓi al'amarin tana nan cikin harshen kansa. Ba a ari sunan jirgin daga Ingilishi ba, sai aka duba cikin kayan ɗaki aka ba shi sunan kumbo, watau ƙwaryar zuba abinci. Abin da a ke harbawa ya riƙa kewaya duniya aka ce masa tauraron ɗan'adam, don a bambanta shi da taurarin Ubangiji. Matafiyin kuwa aka kira shi ɗan sama jannati, suna mai ɗauke da mamaki da ɗan ba'a a lokaci guda. Akwai kuma kalma ta huɗu wadda ta fi su nuna zuciyar talaka. Cikin 1969 wani ciwon ido mai saurin yaɗuwa ya ɓulla a Ghana, ya bi gaɓar teku ya shigo Nijeriya. Da ya ke ya zo daidai da tafiyar, sai mutane suka ce ƙurar wata ce aka kwaso, suka sa masa suna afolo. Likitoci sun gano ƙwayar cutar da ke kawo shi, ba ta da dangantaka da wata, amma har yau da wannan suna a ke kiransa daga Akkara zuwa Gummi.

Masu fasaha ma ba su yi shiru ba. Alhaji Mamman Shata Katsina ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya sa shi cikin jerin abubuwan da kalangu ya yi wa kirari, tare da sarakuna da attajirai da direbobi. Cikin 1969 ɗin nan kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro Kilba wanda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya yi yawo da shi cikin sararin samaniya. Wanda ya karanta shi zai ga tsohon aljanin tatsuniya ne aka sake wa tufafi, aka ba shi jirgi maimakon fiffike. Ta wannan hanya yaran makaranta suka sami labarin sama na ƙage da harshensu, shekara takwas kafin fim ɗin da ya girgiza duniya ya fito.

Fim ɗin nan shi ne Star Wars na George Lucas, wanda aka fara nunawa a Amurka ran 25 ga Mayu 1977. Can mutane suka yi ta jerin gwano a ƙofar sinima, waɗansu suka kalle shi sau da dama, suka kafa ƙungiyoyi, suka ɗinka tufafin jarumansa. An ɗauki wani sashensa a hamadar Tunisiya. A Afirka, inda aka fi tunawa da murnar 'yan kallo shi ne Kenya, sa'ad da kashi na uku ya fito cikin 1983. An sa wani ɗalibi ɗan Kenya, Kipsang Rotich, ya yi muryar wata halitta ta wata duniya, shi kuwa ya yi magana da harshen Kikuyu. Abin da Ba'amurke ya ji kamar yaren dodanni, mutanen Nairobi suka ji maganar gida ce, sinima ta kaure da shewa.

A ƙasar Hausa irin waɗannan finafinai ba su taɓa ture na Indiya ba, waɗanda Kwarori suka fara kawowa tun shekarun 1950. Ɗan kallo a Kano ko Gusau yana ganin rayuwarsa cikin labarin auren tilas da biyayyar iyaye da zaluncin mai kuɗi, ko da bai ji harshen ba. Yaƙin taurari kuwa abin mamaki ne na dare ɗaya. Shi ya sa da Hausawa suka soma yin nasu finafinan bidiyo, daga Turmin Danya na 1990, sai suka nufi soyayya da zaman gida. Wani abu kuma ya faru wanda masu yin finafinan sama ba su nufa ba. Da kaset ɗin bidiyo da gidajen kallo suka kai irin waɗannan hotuna ƙauyuka, mai shakka ya sami sabuwar hujja. In Bature yana iya nuna birni sukutum yana shawagi tsakanin taurari, alhali kowa ya san ba a yi ba, me zai hana shi nuna mutum biyu suna tsalle a kan rairayi ya ce wata ne? Ƙwarewar sinima ta koma ta zama shaida a kan majigi.

Ran 27 ga Satumba 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya daga Rasha. Yau saurayi a Bukkuyum yana iya kallon yaƙin taurari cikin wayarsa, da tauraron ɗan'adam kuma a ke kawo masa ƙwallon Turai gidan kallo. Amma ran 29 ga Sha'aban, in rana ta faɗi, shi da kakansa sukan fita bayan gari su ɗaga kai yamma, sa'an nan su koma gida su jira abin da Sarkin Musulmi zai ce.