Zanen da ke yawo a fuskar amarya

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyon biki da dare a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san abin. Ido na ganin haske tsaye cak, amma da an duba waya sai ga baƙaƙen zane suna gangarowa ta fuskar amarya. Akan ɗora wa mai ɗauka laifi, wani lokacin har a riƙe masa cikon kuɗinsa. Alhali matsalar ta girmi kakansa.

A ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Westinghouse na Amurka ya tsayar da wutar lantarki mai juyawa sau 60 a daƙiƙa, AEG na Jamus kuma ya zaɓi 50. Turai ta bi 50, mu ma muka gada ta hannun Ingila. Talabijin ya bi sawun wuta: na Amurka hoto kusan 30 a daƙiƙa, namu 25. Shi ya sa kyamarorin kaset na zamanin Turmin Danya, fim ɗin da ya fito a Kano a 1990, tafiyarsu ɗaya da wutar NEPA, in an kawo ta ke nan. Ga shi kuma ƙwan fitila na da, mai zaren ƙarfe, ba ya hucewa tsakanin juyi da juyi, sai ya rufa wa wutar asiri.

Ƙwan LED ba ya rufa wa kowa asiri. Masana uku 'yan asalin Japan sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗin LED da ya ba mu wannan farin haske, kuma sun cancanta: ba ya cin wuta. Sai dai nan take yake kamawa, nan take yake mutuwa. Mai arahar da ya cika kasuwanninmu yakan ƙifta sau 100 a daƙiƙa. Wayoyi kuwa yawanci a kan 30 suke zuwa, lissafin Amurka, kuma layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa. Wani layin ya tarar da haske, wani ya tarar da duhu.

Masu ɗaukar da suka gane sukan mayar da kyamara kan 25. Wannan ma sai in wutar gwamnati ce. Ƙaramin janareta ba ya tsayawa a 50, da an jona masa firji sai gudunsa ya sauya, zanen ya dawo. Daga nan sai mai ɗauka ya roƙi a kashe ƙwan rumfa, ya miƙa wa wani yaro fitilar caji ya riƙe masa.