Sansanin da Matasan Hartum Suka Kafa wa Kansu

A shekara ta 1957 wata ƙungiyar Kirista da Yahudawa a Amurka ta fara tara 'yan makarantar sakandare a jihar Arizona lokacin dogon hutu. Sunan sansanin Anytown. Baƙi da farare suna kwana ɗaki ɗaya na mako guda, suna faɗa wa juna abin da aka koya musu a gida game da juna. A 1993 kuma ɗan jarida John Wallach ya kai yara 46 daga Isra'ila da Falasɗinu da Masar jihar Maine don irin wannan zama. Tushen abin shi ne, da wuya mutum ya raina wanda ya ci abinci tare da shi, ya kuma ji labarinsa daga bakinsa. Tarihin Hartum da Umdurman ya nuna gaskiyar wannan, ya kuma nuna iyakarsa.

A Hartum ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, Umdurman kuwa tana hayin yamma. Koguna sun haɗu, amma an daɗe ana raba mutane. Kwalejin Gordon, wadda Turawan Ingila suka buɗe a 1902, yawancin ɗalibanta 'ya'yan manyan gidajen arewa ne masu jin Larabci. Dokar 1922 ta rufe lardunan kudu, ba mai shiga sai da izini. Ba a sake wannan manufa ba sai a 1946. Saboda haka da aka sami 'yancin kai ran 1 ga Janairu 1956, shugabannin arewa da na kudu ba su taɓa zama aji ɗaya ba. Yaƙi biyu suka biyo baya, a 2011 kuma kudu ta balle.

Wannan wariya ta taɓa danginmu. Mahajjata daga ƙasar Hausa sun daɗe suna yada zango a Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake. Jikokinsu sun yi noman auduga a Jazira, sun yi dako da sana'a a Hartum, duk da haka sunan Fallata da ake kiransu da shi ya zama kalmar raini a bakin mutane da yawa, ana ce musu baƙi a ƙasar da aka haife su.

Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta karɓi mulki a 1989, ita ma ta tara matasa a sansani, amma da wata manufa dabam. Sai yaron da ya gama sakandare ya yi horon soja kafin ya shiga jami'a, aka kuma tura da yawa yaƙin kudu. A watan Afrilu 1998, ɗaliban da ke sansanin Ailafun, kudu maso gabas da Hartum, suka roƙi a bar su su je gida babbar salla, aka hana. Da suka gudu suka nufi kogi, fiye da hamsin suka mutu. A can ma 'ya'yan kabilu dabam dabam sun kwana wuri ɗaya, sun ci daga tukunya ɗaya. Amma abin da aka koya musu shi ne wane ne abokin gaba. Ashe tara yara kaɗai ba ya kawar da ƙiyayya.

Ran 6 ga Afrilu 2019 dubban matasa suka zauna a gaban hedkwatar soja a Hartum, suka ƙi tashi. Bayan kwana biyar Bashir ya faɗi, su kuwa suka ci gaba da zama suna neman mulkin farar hula. Suka kafa tantuna da wurin girki da wurin shan magani. Jirgin ƙasa ya kawo mutanen Atbara, motoci suka kawo na Darfur. 'Yan Darfur suka rataye hotunan ƙauyukansu da aka ƙone, yaran Umdurman da suka girma suna jin cewa 'yan tawaye ne kawai suka tsaya suka saurara. Taken da ya bazu a lokacin yana tsawata wa mai wariyar jinsi, yana cewa ƙasar duka Darfur ce. Kirista suka zo suka yi waƙoƙinsu a filin. Da azumi ya kama, aka riƙa buɗa baki tare.

Ran 3 ga Yuni, gab da salla, jami'an tsaro suka watse zaman da harsashi. Ƙungiyar likitoci ta ƙidaya matattu fiye da 100. A Yuli 2022 aka kashe Hausawa da maƙwabtansu a rikicin jihar Shuɗin Nilu, har Hausawa suka yi zanga-zanga a Hartum. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a cikin birnin kansa, miliyoyi suka bar gidajensu.

Mai karatu zai iya cewa, to, me wata biyun nan suka tsinana? Gaskiya ba su tsai da bindiga ba. Amma a cikin yaƙin, matasan unguwanni ne suka kafa tukwanen taimako a Umdurman da Hartum, suna ciyar da duk wanda ya zo da kwano, ba a tambayar asalinsa. Mu da muke tura 'ya'yanmu sansanin bautar ƙasa tun 1973, ya kamata mu tambayi kanmu abin da Ailafun da filin hedkwata suka bambanta a kai. A ɗaya an tara yara aka ba su umarni. A ɗayan kuwa kowa ya zo da ƙafarsa, aka ba shi dama ya faɗi abin da aka yi wa garinsu, sauran suka yi shiru suka ji.