Yadda Jita Ta Koyi Magana: Taƙaitaccen Tarihin Kiɗan Tilo a Waƙoƙin Rok

Ranar da na fara sa faifan Jimi Hendrix a ɗakin kwananmu, wani abokin karatuna ya toshe kunne, ya ce in raba shi da hayaniyar Turawa. Na ce masa mai kiɗan nan baƙar fata ne kamar ni da shi, bai yarda ba. Wannan gardama ce ta sa ni bin diddigin abin, kuma abin da na samo shi ne nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai a cikin wannan 'yar maƙala.

Da farko bari in bayyana abin da nake nufi da kiɗan tilo, wanda Turawa ke kira solo. A tsakiyar waƙa akan zo wata gaɓa inda mawaƙi zai yi shiru, mai jita ya karɓe, ya ci gaba da zancen da tsirkiya. Mai ganga da sauran makaɗa suna nan suna riƙe masa kari, amma shi ke da fage. Wanda ya taɓa sauraron mai goge yana amsa wa mawaƙi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A da, jita ba ta da wannan matsayi. Muryarta ƙarama ce, in an taɓa tsirkiya nan da nan sautin ya mutu, ƙahonin busa su danne ta. Lantarki ne ya fid da ita kunya. A 1936 kamfanin Gibson ya fito da jita mai lantarki, kuma a 1939 wani saurayi mai suna Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman da irinta, ya riƙa kaɗa sauti ɗai-ɗai kamar mai busa. Daga nan makaɗan bulus, wato kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, suka ɗauka. T-Bone Walker ne ya share hanya, amma a ganina B.B. King ne ya koya wa jita magana.

An haifi King a Misisipi a 1925, ya rasu a 2015. Dabarunsa biyu ne suka zama gadon kowa. Ta farko ita ce tura tsirkiya gefe da yatsa bayan an kaɗa ta, sai ta ƙara ɗamewa, sautin ya hau sannu a hankali. Daidai yake da abin da mai kalangu ke yi in ya matse tsirkiyoyi a hammata don gangar ta faɗi sunan mutum. Ta biyu ita ce karkaɗa yatsa a kan tsirkiya, har sautin ya riƙa rawa kamar muryar mai shirin kuka. Shi da bakinsa ya ce ya gano wannan ne wajen ƙoƙarin kwaikwayon ɗan'uwansa Bukka White, wanda ke goga ƙarfe a kan tsirkiya. Daɗin daɗawa, King ba ya haɗa waƙa da kiɗa lokaci guda. Sai ya rera baiti, ya yi shiru, jitarsa mai suna Lucille ta amsa. Wato dai ita ce 'yar amshinsa. Har ila yau, akasarin wannan kiɗa an gina shi ne a kan matakan sauti biyar, kamar yadda yawancin kiɗanmu na gargajiya yake, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya daɗewa bai saba da shi ba.

Abin mamaki, samarin Ingila ne suka fi rungumar faya-fayan nan. A 1966 Eric Clapton ya yi faifai da ƙungiyar John Mayall, inda ya haɗa jitar Les Paul da na'urar ƙara sauti ta Marshall, ya murɗa ta har ƙarshe. Sautin ya yi kauri, ya kuma daɗe bai mutu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sai sauti ya daɗe ne ake iya lanƙwasa shi yadda mawaƙi ke jan murya. A watan Satumba na shekarar ne Hendrix ya sauka Landan. Bahago ne, sai ya juya jitar Stratocaster ta na-dama ya sake jera mata tsirkiya. Ƙugin da na'ura ke yi in an kusanto ta da jita, wanda kowa ke gudu, shi ya mai da shi kayan aiki. A taron Woodstock, cikin Agusta 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya kaɗa taken ƙasar Amurka, ya cusa masa ƙarar jiragen yaƙi da fashewar bama-bamai da kururuwa, bai furta kalma ko ɗaya ba. Ya rasu ran 18 ga Satumba 1970 yana ɗan shekara 27.

Bayansa hanya ta rabu biyu. Wasu suka bi sauri, musamman bayan 1978 da Eddie Van Halen ya fito da salon dannan tsirkiya da yatsun hannu biyu. Ban raina gwanintarsa ba, amma mabiyansa da yawa sun mai da abin tseren doki, a gama ba ka riƙe komai ba. Ni dai ina tare da ɗaya ɓangaren, na su Carlos Santana, wanda ya yi wasa a Ankara ta Gana a watan Maris 1971, da David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd. Kiɗan tilon Gilmour a waƙar "Comfortably Numb" ta 1979 mutum na iya rera shi da baki yana tafiya. Ya ce yakan ɗauki kiɗan sau biyar ko shida, sa'an nan ya tsinci gaɓoɓin da suka fi daɗi ya harhaɗa. Ashe abin da muke ɗauka saukar baiwa ce nan take, gyara ne irin na marubucin waƙa da ke soke baiti ya sake.

Kiɗan kuma ya iso maƙwabtanmu Abzinawa. Bombino na Agadas, wanda aka haifa a 1980, ya koyi hannu ne yana gudun hijira a Aljeriya da Libiya, yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler. Mdou Moctar kuwa, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Shi ma bahago ne. Kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urorin da ake yin waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu ya bazu a Sahel kafin Turawa su ji labarinsa. Shi na sa wa abokin nan nawa daga baya. Bai toshe kunne ba, sai ma ya tambaye ni ko mutumin yana jin Hausa.