Mai Ciwon Zuciya Ma Yana Da Ta Cewa

Ya kai mai karatu, a zamanin da, idan ciwon zuciya ya kama mutum a Turai ko Amurka, sai likita ya kwantar da shi a gado har mako 6. Ba ya tashi, ko abinci sai an ba shi a baki. Likitoci suna tsammani motsi shi ne zai kashe shi. Ba wanda ya tambayi majinyaci yadda ya ji da wannan kwanciya. Ashe ita ce ke sa jini ya daskare a ƙafa, jiki ya mutu, zuciya ta karaya.

A 1952 waɗansu likitoci biyu na birnin Boston, watau Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana abin da suka gani da suka sauko da majinyata daga gado suka zaunar da su a kujera. Sai ga shi sun fi samun sauƙi, hankalinsu kuma ya kwanta. A 1955 ciwon ya kama Eisenhower, shugaban Amurka. Likitansa Paul Dudley White ya yarda ya riƙa motsa jiki, ya koma aiki, har aka sake zaɓensa a 1956. Tun daga nan aka gane jinyar zuciya ba ta ƙarewa ranar sallama daga asibiti. Akwai tafiyar ƙasa kaɗan kaɗan, da gyaran abinci, da barin taba, da shan magani kan lokaci.

Amma sai aka ga mutane da yawa ba sa komawa asibiti domin wannan horo, saboda nisa da kuɗin mota da neman abinci. Don haka a 1992 aka gwada wata dabara a Edinbara. Aka ba majinyaci littafi da kaset ya tafi gida, ma'aikacin lafiya yana bibiyarsa. Da annobar korona ta zo a 2020, asibitoci da yawa suka mai da wannan aiki cikin waya da intanet.

To, mu ma muna da namu tarihi. Wajen 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka duba mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Suka bi su har cikin al'adar gida, suka ɗora zargi a kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai zafi. A 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka fid da wani bincike daga asibitocin Nijeriya da dama. Su kuwa suka ga rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki sun fi waɗannan al'adu laifi. Ka ga dai duka biyun ba su samu abin faɗi ba sai da suka tambayi matan yadda suke zaune.

Yanzu wayar hannu, wadda ta shigo mana a 2001, ta kai Kiyawa da Jahun da ƙauyukan Birnin Kudu. Idan za a tsara wa mutumin nan horon zuciya ta waya, don kada ya riƙa jigila zuwa asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, wa ya kamata a fara tambaya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mace ce za ta ce wayar ta maigida ce, sai da dare take gida. Tsoho ne zai ce shi ba ya karanta boko, a aiko masa da murya cikin Hausa. Manomi bai san kilomita ba, amma ya san daga gida zuwa masallaci, kuma abin da ya dame shi shi ne yaushe zai sake riƙe fartanya. Uwargida ce ta san gishiri da kanwa da dunƙulen da ke shiga miyar kuka. Akwai kuma batun azumi da zafin bazara. Wanda ya tsara abin yana zaune a ofis ba zai tuna da waɗannan ba, abin da bai dace da gida ba kuwa ajiye shi ake yi.

Wannan ba rashin kunya ba ne ga likita. Tun a 1978, a taron Alma-Ata, ƙasashen duniya suka yarda cewa jama'a suna da hakki, kuma wajibi ne a kansu, su sa baki cikin tsara kiwon lafiyarsu. Saboda haka idan an kira taro a asibiti, ko a kwamitin lafiya na mazaɓarku, ka je, ka tafi da mai jinyarka, ka faɗi abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba. Kada ka ce "to" alhali ba ka gane ba. Amma kada ka fara wani motsa jiki sai likita ya auna ka. In kuwa ka ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi yana sarƙewa, ko ƙafa ta kumbura, ajiye waya ka nufi asibiti. Allah ya ba mu lafiya, amin.